Wutar KEDCO, janareta da sola a gida ɗaya: Aikin bireka, makunnin sauya layi da wayar ƙasa

A Daura da sauran ƙananan hukumomin masarautar, wato Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, da wuya a samu mai sana'ar da ke buƙatar lantarki wanda ya dogara da hanya ɗaya ta samun wuta. Telan da ɗinkin Sallah ko na Gani ya taru a gabansa, da mai sayar da ƙanƙara a watan azumi, da mai cajin waya a bakin kasuwa, kowannensu yana da wutar kamfani idan an kawo, da janareta idan an ɗauke. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da yawa sun ƙara da farantin sola da batir. Katsewar wutar da ta auka wa yawancin jihohin Arewa a watan Oktoban 2024, wadda ta wuce mako guda, ta ƙara ingiza jama'a zuwa wannan tsari.

Waɗannan hanyoyi uku duk suna haɗuwa ne a wuri ɗaya, a jikin bangon zaure ko bayan ƙofar shago, inda mita da akwatin rarraba wuta suke. Na'urori uku ne ke tsaron wannan mahaɗa, kuma kowacce da aikinta. Bireka tana kare waya daga ƙonewa. Makunnin sauya layi yana hana wuta biyu gamuwa. Wayar ƙasa, tare da na'urar gano yoyon wuta, su ke kare ran mutum. Babu wadda ke iya ɗaukar aikin 'yar uwarta, kuma galibin hatsarin da ake samu yana faruwa ne a inda aka ɗauka cewa ɗaya ta wadatar.

Hanyar da wuta ke bi zuwa gida

Kamfanin TCN ne ke ɗauko wuta daga tashoshin samar da ita a kan manyan layuka masu ƙarfin bolt 330,000 da 132,000. Daga nan ake rage ta zuwa 33,000 ko 11,000, a miƙa wa kamfanin rarrabawa. A jihohin Kano da Katsina da Jigawa, kamfanin KEDCO ne ke wannan aiki tun watan Nuwamban 2013, lokacin da aka miƙa rassan tsohon kamfanin PHCN ga 'yan kasuwa, ko da yake har gobe sunan NEPA bai bar bakin jama'a ba.

Taransifomar unguwa ita ce zango na ƙarshe. Wayoyi huɗu ke fita daga cikinta: uku masu ɗauke da wuta, waɗanda masu gyara ke kira fes, da ta huɗu wadda wuta ke komawa ta cikinta, wato niyutiral. Tsakanin fes ɗaya da niyutiral akwai bolt 230, tsakanin fes biyu kuwa kusan bolt 400. Ƙaramin gida yakan ɗauki fes ɗaya, babban gida ko injin niƙa ya ɗauki duka ukun.

Idan waya ta sauko daga turke, takan fara shiga fiyus ɗin kamfani, sannan mita, sannan makunnin sauya layi, sannan akwatin rarraba wuta. Mita da abin da ke gabanta hurumin kamfani ne, kuma zagaye ta laifi ne a dokar ƙasa. Abin da ke bayanta duka alhakin mai gida ne.

Bolt, amfiya da wat

Ma'aunai uku suka isa a fahimci duk rubutun da ke jikin akwatin. Bolt shi ne ƙarfin da ke tura wuta, kamar matsin ruwa daga tankin da ke sama. Amfiya ita ce yawan wutar da ke gudana a cikin waya. Wat kuwa shi ne abin da na'ura ke ci, kuma ana samun sa ne idan aka ninka bolt da amfiya.

Saboda haka birekar da aka rubuta 20 a jikinta tana ɗaukar amfiya 20, wato wat 4,600 a kan bolt 230. A ɗauki misalin gidan da aka jona dutsen guga mai wat 1,200, da hitar ruwa mai 1,500, da rishon lantarki mai 2,000, da buta mai 2,000, duk a layi ɗaya. Jimilla wat 6,700 ke nan, kimanin amfiya 29. Wayar da aka yi don amfiya 20 za ta fara ɗumi, robar jikinta ta yi laushi, kuma idan ba a yanke wutar ba sai ta narke.

Wannan lissafi yana da muhimmanci a gidajen gandu. An ja waya ne tun gidan yana da ɗakuna uku da ƙwan fitila da fanka. Duk lokacin da aka yi wa wani ɗa aure sai a ƙara sashe, a jawo waya daga soket mafi kusa, amarya ta zo da firij da buta da dutsen guga. Kaya sun ninka, waya kuwa tana nan yadda take.

Abin da ke cikin bireka

Akwatin rarraba wuta yana da babban makunni ɗaya da ke yanke wutar gidan gaba ɗaya, da jerin ƙananan bireka, kowacce na tsaron layi guda. Wani Bajamushe mai suna Hugo Stotz ne ya yi rajistar irin wannan ƙaramar bireka a 1924, domin ta maye gurbin fiyus, wanda sai an sauya shi duk lokacin da ya ƙone.

Hanyoyi biyu take bi wajen yanke wuta. Ta farko wani siririn ƙarfe ne da aka yi da ƙarafa biyu manne da juna. Idan kaya suka yi yawa sai ya yi zafi, ya lanƙwashe a hankali har ya saki maƙalin. Wannan kan ɗauki mintuna, wani lokaci har kusan awa guda. Ta biyu maganaɗisu ne, wanda ke aiki idan waya mai wuta ta taɓa niyutiral kai tsaye, inda wuta mai yawan gaske ke kwarara nan take. A nan kafin ƙiftawar ido ta yanke. Harafin da ke gaban lambar yana nuna lokacin da maganaɗisun ke motsawa: mai B tana yankewa idan wuta ta ninka lambar sau 3 zuwa 5, mai C kuma sau 5 zuwa 10. Shi ya sa ake sa mai C a layin firiza ko injin rijiyar burtsatse, domin suna zuƙar wuta da yawa a daidai lokacin tashi.

Girman bireka yana bin kaurin waya ne. A al'adar aiki, layin fitilu yana amfani da waya mai lamba 1.5 da bireka mai amfiya 6 ko 10. Layin soket yana amfani da waya 2.5 da bireka 16 ko 20. Na'urar sanyaya ɗaki babba da murhun lantarki kan buƙaci layinsu na daban da waya 4 ko 6. Wanda birekarsa mai 20 ke yawan faɗuwa, ya cire ta ya sa mai 40 a kan wayar nan dai, ya kawar da mai gadin ne kawai. Daga ranar, wayar da ke cikin silin ko jikin azara ita ce za ta fara ƙonewa. Haka abin yake ga mai naɗa zaren jan ƙarfe a gurbin fiyus.

Yanayin Daura ma yana da tasiri. Ana daidaita birekar gida ne a kan zafin digiri 30, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin rana kan haura 40. Akwatin da ke jikin bangon da rana ke duka zai riƙa faɗuwa da wuri. Ƙurar hunturu kuma na shiga akwatin da ba shi da murfi. Wuri mai inuwa, busasshe, wanda babba zai iya kaiwa cikin duhu amma yaro ba zai kai ba, shi ya fi dacewa.

Makunnin sauya layi

Hausawa sun ce ba a sarki biyu a zamani ɗaya. Wutar kamfani da ta janareta kowacce tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, amma ba a tare suke kaɗawa ba. Idan suka gamu a waya ɗaya, janareta na iya ƙonewa nan take. Makunnin sauya layi, wanda masu gyara ke kira cenji-oba, an ƙera shi ne yadda sai ya saki layi ɗaya kafin ya kama ɗayan. Mai kyau yana da matsayi uku: kamfani, tsakiya inda babu wuta, da janareta. Ya kamata ya riƙa yanke waya mai wuta da niyutiral tare, wato wayoyi biyu a gida mai fes ɗaya, huɗu a mai fes uku.

Hatsari mafi muni yana tattare da gidan da ba shi da wannan makunni, inda ake jona janareta ta soket da waya mai kai biyu. Idan aka manta ba a kashe babban makunni ba, wutar janaretan za ta fita ta mita ta hau turke. Taransifoma tana aiki ta kowane ɓangare: yadda take rage bolt 11,000 zuwa 230, haka za ta ɗaga 230 ɗin zuwa 11,000. Ma'aikacin da ya hau turke da tabbacin an kashe layi, ko maƙwabcin da ke gyaran wayarsa, na iya rasa ransa da wutar janaretan da bai san an kunna ba. Ƙari ga haka, ƙarafan kan wayar da ke hannun mai jonawa su ma suna ɗauke da wuta.

Akwai kuma al'adar zare fiyus da hannu daga wannan fes a mayar wancan idan ɗaya ya yi rauni. Ana yin haka ne sau da yawa da dare, da fitilar waya, a gaban ƙarafan da ke ɗauke da wuta. Akwai makunnin zaɓen fes da aka yi domin wannan aiki, kuma shi ya kamata a sa.

Tsarin sauyawa shi ne a kashe manyan kaya, a tayar da janareta a bar shi ya daidaita, a juya makunni, sannan a kunna kaya ɗaya bayan ɗaya. Idan an dawo da wuta, yana da kyau a dakata 'yan mintuna, domin a farkon dawowarta ne ta fi yin sama da ƙasa. Shi kansa janareta wurinsa waje ne, nesa da taga da ƙofa. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba marar wari da launi, wadda ke kashe mutane cikin barci.

Masu ƙananan jiragen ruwa na shaƙatawa a Turai da Amurka suna rayuwa da irin wannan tsari. Idan jirgi ya tsaya a tasha ana jona shi da wutar tudu, idan ya shiga teku sai ya koma janareta da batir. A allonsu akan sa wani ƙarfe mai zamewa a kan bireka biyu, ta tudu da ta janareta, yadda hannu ba zai iya ɗaga su tare ba, kuma allon wutar batir daban yake da na wutar tudu. Dalilinsu shi ne mutum yakan manta, don haka na'ura ce ya kamata ta hana kuskuren.

Sola, batir da inbata

Farantin sola da batir suna ba da wuta mai tafiya gefe ɗaya, a kan bolt 12 ko 24 ko 48 a ɓangaren batir. Inbata ce ke mayar da ita bolt 230 irin ta kamfani. Ƙarancin bolt ɗin kan sa a raina ta, alhali a nan amfiya ta fi yawa. Kayan da ke cin wat 2,400 suna jan kimanin amfiya 10 a ɓangaren gida, amma daga batir mai bolt 24 suna jan amfiya 100 ko fiye. Saboda haka wayar batir dole ta kasance mai kauri kuma gajera, da fiyus ko bireka dab da kan batirin.

Birekar wannan ɓangare ma ta daban ce. Wutar kamfani tana sauka zuwa sifili sau 100 a kowace daƙiƙa, abin da ke taimaka wa tartsatsi ya mutu idan an yanke ta. Wutar batir da ta faranti ba ta sauka, don haka birekar gida da aka sa mata na iya ci gaba da tartsatsi har ta kama da wuta. A duba alamar DC a jikinta.

Ya fi kyau a ware layukan da inbata za ta ɗauka, kamar fitilu da fanka da talabijin, a ƙaramin akwati na daban, a bar dutsen guga da hita a layin kamfani. Wajibi ne kuma kowa a gidan ya san cewa kashe babban makunni ba ya kashe layin inbata. Mai gyaran da bai san da ita ba zai iya kama waya yana zaton babu wuta.

Wayar ƙasa da na'urar gano yoyo

Bireka mai amfiya 20 ba ta san da mutum ba. Kashi ɗaya cikin ɗari na amfiya ɗaya ya isa ya sa hannu ya maƙale a waya, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na iya rikita bugun zuciya. Wuta za ta iya ratsa jikin mutum har ta kashe shi bireka ba ta motsa ba.

Kariya ta farko ita ce wayar ƙasa, mai launin kore ko kore da rawaya. Tana haɗa jikin ƙarfen firij da injin ruwa da dutsen guga zuwa sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa, ta babban ramin sama na soket. Idan waya ta goge a ciki ta taɓa jikin na'urar, wutar ta samu hanyar bi wadda ba jikin mutum ba. Ƙasar Daura rairayi ce, kuma da rani takan bushe ƙwarai, busasshen rairayi kuwa ba ya karɓar wuta sosai. Don haka sandar na buƙatar zurfi, wani lokaci fiye da ɗaya, kuma a auna ta da na'ura a lokacin rani. Gishirin da ake zubawa a ramin tare da gawayi yana taimakawa na ɗan lokaci, amma yana cin ƙarfen.

Kariya ta biyu ita ce na'urar gano yoyo, mai alamar RCD ko RCCB. Tana kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo. Idan bambancin ya kai miliamfiya 30, wato kashi uku cikin ɗari na amfiya, sai ta yanke cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Tana da maɓallin gwaji mai harafin T, wanda ya kamata a danna aƙalla sau ɗaya a wata shida. Idan ba ta faɗi ba, ta lalace. A inda sandar ƙasa ba ta da ƙarfi, wannan na'ura ita ce babbar madogara, musamman a banɗaki da kicin da wajen injin ruwa.

Launin sauran wayoyin iri biyu ne a kasuwa. A tsohon tsari ja ce mai wuta, baƙa ce niyutiral. A sabon tsari ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya ce niyutiral. Makunnin fitila da bireka a kan mai wuta ake sa su. Idan aka juya, fitila za ta mutu amma mazauninta na nan da wuta.

Idan wuta ta yi ƙasa ko ta yi sama

Raunin wuta yana sa injin firij da na ruwa su ja amfiya fiye da ƙima su yi zafi. Sitabilaiza na ɗaga bolt, amma tana yin haka ne da ƙarin jan wuta: kayan da ke jan amfiya 10 a bolt 230 za su ja kusan 15 idan wuta ta sauka zuwa 150. Hauhawar wuta kuwa sau da yawa daga tsinkewar niyutiral take, a taransifoma ko a turke. A lokacin wasu gidaje kan ga fitila ta dushe, wasu kuma wutarsu ta doshi bolt 400 ta ƙone kaya. Bireka ba ta hana wannan. Akwai ƙaramar na'urar da ake sawa a akwati, mai yanke wuta idan ta fita daga iyakar da aka saita. Duk wanda ya ga fitilunsa sun yi haske fiye da kima, ya kashe babban makunni, ya sanar da kamfani.

Idan bireka ta faɗi

Faɗuwar bireka saƙo ne. A cire kayan da ke layin, a ɗaga ta sau ɗaya. Idan ta zauna, a mayar da kaya ɗaya-ɗaya har a gano mai laifin ko a gane nauyi ne ya yi yawa. Idan ta sake faɗuwa babu komai a jone, matsalar a waya take, sai a bar ta a kashe a kira mai gyara. Ba a ɗaure ta, ba a tokare ta.

Warin ƙonewar roba, soket da ya yi baƙi ko yake zafi, ƙarar tartsatsi a akwati, da ɗan jan da ake ji a jikin firij ko famfo, duk alamu ne da ba a kwana da su. Idan wuta ta kama mutum, a kashe makunni tukuna. In ba a iya kaiwa gare shi ba, a ture wayar da busasshen itace, kada a taɓa mutumin da hannu. Gobarar lantarki ba a zuba mata ruwa sai an tabbatar an yanke wuta daga dukkan hanyoyin, har da inbata.

Wanda ya kamata ya yi aikin

Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke duba ingancin aikin lantarki da ba masu haɗa waya takardar shaidar ƙwarewa. Mai gida na da ikon neman ganin wannan takarda kafin ya ba da aiki. Yana da kyau ya sayi waya da bireka a wurin da ya amince da shi, domin akwai wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, da wadda kaurinta bai kai lambar da ke jikinta ba. Ƙorafin da ya shafi mita ko layin waje ana fara kai shi ofishin kamfanin rarrabawa, idan ba a warware ba a wuce zuwa zauren sauraren ƙorafi na hukumar NERC.

Kafin mai gyara ya tafi, a sa shi ya rubuta a jikin murfin akwati layin da kowace bireka ke tsaro, cikin harshen da mutanen gidan ke karantawa. A nuna wa uwargida da manyan yara inda babban makunni yake, da na inbata, da matsayin tsakiya na makunnin sauya layi, domin sau da yawa su ne a gida a lokacin da ake buƙatar kashe su.